Sauya talabijin a tirelar yawo da kunna shi da batir: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Tun da na sauya talabijin ɗin tirelarmu, kusan duk ɗan uwan da ya sayi tasa a nan Amurka sai ya kira ni, kuma tambayoyin dai su ne su ne, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda kowa ya huta. Ni ba injiniya ba ne fa, mai tirela ne kawai da ya ƙona fiyus har sau biyu ya kuma kashe batir guda kafin ya gano bakin zaren.

Wai wace irin tirela ake magana a kai?

Ba tirelar ɗaukar siminti ba ce malam. Ɗaki ne mai taya, da gado da ɗan kicin da banɗaki a ciki, ana ɗaura shi a bayan a-kori-kura ko babbar jif a ja shi zuwa daji ko bakin tafki a kwana biyu a dawo. Mutanen Ingila karaban suke ce mata. A wasu sansanonin akwai turken wuta da za ka jona, galibi mai amp 30 ga ƙanana da matsakaitan tireloli, amma da yawa daga sansanonin gandun dajin gwamnati babu wuta sam, haka ma filayen hamada irin na wajen Quartzsite a Arizona inda mutane ke cika lokacin sanyi. A irin wuraren nan batir ne gatanka.

Me ya sa fitilu ke kamawa da batir amma soket ɗin talabijin ba ya kawo wuta?

Saboda wuta iri biyu ce a cikin tirela kuma kowacce da wayoyinta. Akwai ta batir mai 12V, ita ke riƙe fitilu da famfon ruwa da fankar hita da ƙwaƙwalwar firij. Akwai kuma ta gida mai 120V, ita ce a soket ɗin bango da na'urar sanyaya ɗaki da makirowef, wannan kuwa ba ta zuwa sai ka jona turke ko janareto. Ba lalacewa soket ɗin ya yi ba, haka aka ƙera abin.

Na'urori biyu ne mutane ke rikitawa don sunansu ya yi kama. Kwanbata tana zuwa da tirelar tun daga kamfani, yawanci tana bayan akwatin fiyus, aikinta ta karɓi 120V ta mayar 12V ta yi cajin batir. Inbata kuma, wadda duk wanda ya sha hannun NEPA ya san ta, akasin haka take yi, ta ɗebi 12V daga batir ta mayar wutar soket. Yawancin tireloli masu sauƙin kuɗi ba sa zuwa da inbata, kai za ka saka. Ka riƙe bambancin nan don zai dawo a amsar jona tirela gaba ɗaya da inbata can ƙasa.

Tsohon yana aiki, dole ne sai na canza?

In mai ƙusumbin nan ne, ni dai shawarata ka fitar da shi. Tun 12 ga Yuni 2009 manyan tashoshin Amurka suka daina watsa shirye-shirye ta tsohuwar hanya suka koma dijital, don haka tsohon talabijin ba zai kama komai da eriya ba sai an haɗa masa ƙaramar dikoda, ita ma ga nata cin wutar. Ga nauyi, mai inci 20 sai ya haura kilo 15 yana zaune a kabad sama da kan yara, sannan cin wutarsa ya ninka na sabon LED mai girmansa sau biyu ko uku.

In kuwa falle ne na shekarun baya-bayan nan kuma hotonsa lafiya lau, kar ka yi gaggawa, fara auna abin da yake ci tukuna, na yi bayanin yadda ake yi a amsar lissafin batir.

Sai na sayi wanda aka ƙera musamman don tirela, ko na kanti ma ya yi?

Na kanti ya yi. Masu sayar da na musamman irin su Jensen da Furrion suna cewa nasu an ƙarfafa cikinsa don jure girgizar hanya da zafi da sanyi, ban musa ba, amma kuɗin ɗaya sai ya sayi na kanti biyu ko uku masu girma ɗaya, kuma na ga mutane da dama da suka shekara da shekaru suna yawo da na Walmart ba abin da ya same shi. A abin da na gani, maƙalin da ya saki a kan hanya ya fi kashe talabijin a tirela fiye da girgizar kanta.

Abin da ke sa na musamman ya cancanci kuɗinsa shi ne in mai 12V ne, wato yana shan wuta kai tsaye daga batir. Ka karanta da kyau kafin ka biya, don ba duk wanda aka rubuta wa RV, wato na irin tirelolin nan, ne mai 12V ba, wasunsu 120V ne kamar na falonka.

Inci nawa zai shiga gurbin tsohon?

Ɗauko tef ka auna gurbin, faɗi da tsayi da zurfi, kar ka dogara da incin da ke jikin kwali don shi daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi. Mai inci 24 faɗinsa kusan santimita 55 ne, mai inci 32 kuma kusan 73. Gurbin tsofaffin tireloli kusan murabba'i ne saboda don mai ƙusumbi aka yi shi, sabbin kuwa faɗi gare su, shi ya sa mutane da yawa ke rufe bakin gurbin da katako su maƙala sabon a gaba, cikin ya zama ma'ajiya. Ka kuma duba inda kafofin HDMI da na eriya suke, in a baya suke tsaye maimakon gefe sai ka rasa inda za ka sa hannu. In tirelarka mai ɓangaren da ke zamewa waje ce, shigo da shi ciki ka ga ko zai goge talabijin ɗin kafin ka huda komai.

Yaya ake maƙala shi a bango bai faɗo ba?

Nan fa ake yin ta. Bangon tirela ba bulo ba ne, fallen katako ne da bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, bayansa soso ne ko iska, in ka ɗaura sukuru a nan kawai to ramin farko da kuka faɗa a hanya za ka tarar da talabijin a ƙasa. Kamfanoni kan saka katako mai kauri ko fallen ƙarfe a cikin bangon a wuri guda su liƙa 'yar takarda da ke cewa nan ne wurin talabijin. In mai tirelar na farko ya ɓare takardar, ƙwanƙwasa bangon da yatsa za ka ji inda sautin ya toshe, in kuma ƙarfe ne maganaɗisu zai kama. Ka kula da tsawon sukurun, bangon gaba ɗaya bai fi inci ɗaya da rabi zuwa biyu ba, akwai wanda na sani da sukurunsa ya leƙo ta waje, sai da ya bi da gam yana toshewa kafin damina.

Ramukan nan huɗu na bayan talabijin suna da ma'auni da ake kira VESA, ƙanana kan zo da 75 ko 100 a milimita kuma sukurun M4 suke ɗauka, wasu masu inci 32 kan zo da 200 da 100. Ka tabbata maƙalin da ke tirelar ya dace da su. Kuma maƙali mai hannu da ke lanƙwasowa dole ya zama mai kulle, in ba shi da kulle ka ɗaure talabijin ɗin da maɗauri duk lokacin da za ku tashi. Ni har yau sai na ɗaure nawa duk da kullen, madam tana mini dariya amma dai bai taɓa faɗowa ba.

Mai 12V ko na gida da inbata, wanne ya fi?

Ya danganta da inda ka fi kwana. In kusan kullum sansanin da ke da turken wuta kake zuwa, sau ɗaya ko biyu a shekara ne kake kwana babu wuta, sayi na kanti da 'yar ƙaramar inbata ka huta. In kai ɗan daji ne, mai 12V ya fi maka. Dalili kuwa, cikin kowane talabijin na zamani da wutar DC irin ta batir yake aiki, to ka ga in ka bi ta inbata ka ɗauki DC ɗin batir ka mayar AC irin ta soket, shi kuma talabijin ya sake mayar da ita DC a cikinsa, kowane juyi da ladan da ake cira. Inbata mai kyau tana cinye kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a hanya, ban da abin da take sha don kawai tana kunne.

Amma gaskiya a faɗe ta, masu 12V zaɓinsu kaɗan ne, yawanci daga inci 19 zuwa 32, sautin wasunsu kamar rediyo a cikin gwangwani, kuma manhajar cikinsu ba ta kai ta na kanti santsi ba. Bambancin cin wutar ma a zaman kallo na awa uku bai wuce Ah 2 ko 3 ba (Ah ɗaya shi ne shan amp ɗaya na tsawon awa guda) in dai inbatar ƙarama ce kuma kana kashe ta. Matsalar tana farawa ne in inbatar ƙatuwa ce ko an bar ta a kunne ta kwana, duba amsar girman inbata.

Na ga talabijin ɗina yana da caja a waje an rubuta 12V ko 19V, zan iya yanke ta in haɗa da batir?

Wannan dabara ce mai kyau amma da sharaɗi. Wasu ƙananan talabijin, musamman na LG da Samsung masu inci 24 zuwa ƙasa, ba sa karɓar wutar bango kai tsaye, suna zuwa da caja irin ta laftof mai fitar da 19V ko 14V. Irin waɗannan sai ka sayi 'yar na'urar da ke ɗaga 12V zuwa daidai abin da aka rubuta, mai amp ɗin da ya kai ko ya fi na cajar, shikenan ka tsallake inbata.

Wanda aka rubuta wa 12V shi ya fi yaudara, don mutum sai ya ce ai batir ma 12V ne. Batirin tirela ba ya zama a 12 cif. In kwanbata na caji yana kai 13.6, wani lokaci 14.4, in ya yi ƙasa kuma ya sauko 11 da wani abu. Talabijin da aka ƙera don mota ya san da wannan hawa da saukar, na gida kuwa 12 tsayayya ya saba sha daga cajarsa. Ka saka na'urar daidaita wuta a tsakani, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Sannan ka auna da mita ka tabbatar wanne ne tabbatacce (+) wanne ne korau (-) a bakin fulogin kafin ka soka, juya su sau ɗaya ya isa ya aika allon cikin lahira. Kuma ka san cewa garanti ya tafi daga ranar da ka yanke waya.

Awa nawa batir ɗaya zai riƙe talabijin?

Lissafin ba wuya. Ka fara sanin wat nawa yake ci. Abin da aka rubuta a bayansa iyakar ƙarshe ce, ainihin cin yakan yi ƙasa da haka, in kana son gaskiyar lamari sayi 'yar mitar nan da ake sokawa a soket irin Kill A Watt ka gani da idonka. LED mai inci 24 yakan ci wat 20 zuwa 30, mai inci 32 kuma 30 zuwa 50. Raba wat da 12 ka samu amp. Mu ɗauka naka wat 40 ne ta inbata, da ladan inbatar ya zama kusan 47, ka raba da 12, kusan amp 4 kenan kowace awa. Wasan ƙwallo ɗaya da hutun rabin lokaci awa biyu, Ah 8. Zaman dare na awa huɗu, Ah 16.

Sai batirin. Wanda dillalai suka fi ɗora wa sabuwar tirela shi ne mai ruwa mai girman da ake kira rukunin 24, wajen Ah 75 zuwa 85. Amma batirin ruwa rabinsa ne naka, in kana yawan sauke shi ƙasa da rabi ba zai yi ƙarko ba. To Ah 80 ya zama 40, ka raba da 4, awa goma kenan in talabijin kaɗai ke sha, kuma ba shi kaɗai ba ne, amsa ta gaba ta yi bayani. In kana auna batir da mita, sai ya huta ba caji ba kaya na ɗan lokaci: 12.6 zuwa 12.7 cike yake, wajen 12.1 zuwa 12.2 ya kai rabi, nan ne za ka tsaya. Fitilun nan huɗu na jikin bango da ke nuna cike ko saura kaɗan kar ka ba su amana sosai.

Wata dabara ta kyauta: shiga saitin hoto ka rage hasken bayan allo. Da daddare a cikin tirela ba ka buƙatar hasken da aka saita don kanti, kuma fitilun bayan allon su ne mafi yawan cin wutar, za ka ga lambar mitar ta sauko nan take.

Na yi lissafin daidai amma da asuba batir ya mutu, me ya faru?

Talabijin ake ɗora wa laifi amma da wuya ya zama shi ne. Babban ɓarawon shi ne hita. Eh da gas take ɗumama ɗaki, amma fankarta da batir take juyawa kuma tana jan wajen amp 7 a tirela matsakaiciya, in dare ya yi sanyi ta yi ta tashi tana mutuwa har jimillar awa uku, Ah 21 sun tafi, sun fi na kallon gaba ɗaya. Sai ƙananan da ba sa barci: na'urar shinshinar gas, ƙwaƙwalwar firij, rediyo, ƙaramar fitilar eriya. A tawa na auna kusan rabin amp ko da an kashe komai, a yini da kwana Ah 12 kenan. In kuma fitilunka tsofaffin ƙwayaye ne masu zafi, kowane ɗaya ya haura amp 1, guda huɗu sun kai talabijin ci, canza su zuwa LED tun kafin ka yi maganar ƙarin batir.

Tara su ka gani: 16 na kallo, 21 na hita, 12 na marasa barci, 49 kenan a kan batirin da 40 kawai zai iya bayarwa. Na'urar shinshinar gas dai kar ka kuskura ka cire ta don tsimin wuta, rai ya fi batir. Kuma mai yiwuwa batirin ne ma ya tsufa, wanda aka bari ya mutu murus sau uku ko huɗu ba ya komawa yadda yake, ko da jikinsa na cewa 80.

Inbata mai wat nawa zan saya?

Ƙarama. Mu da muka taso da inbatar gida mun saba da tunanin gara babba, a tirela kuwa babba asara ce in talabijin ne kawai buƙatarka. Wat 150 zuwa 300 ta isa talabijin da 'yar sandar kallo irin Fire TV ko Roku da cajin laftof. Mai wat 2000 tana iya shan amp 1 zuwa 2 tana zaune ba ta aikin komai, ka bar ta yini da kwana ta cinye Ah 24 zuwa 48, kusan duk rabon da ke cikin batirin ruwa guda.

Ka nemi wadda aka rubuta wa pure sine, wato mai fitar da wuta sumul irin ta gida. Mai arhar tana kunna talabijin da yawa, amma wasu sai ka ji zuuu a lasifika ko ka ga layi a hoto ko cajar ta yi ta zafi, kuma a ƙananan inbatoci bambancin kuɗin ba shi da yawa. In ta zo da makunni mai doguwar waya, kafa shi kusa da gado don kar ka yi barci ka bar ta.

Zan iya soka inbatar a soket ɗin 12V da ke kusa da wayar eriya?

Don talabijin kaɗai za ka iya, amma ka san iyakarsa. Soket ɗin nan na jikin farantin eriya bai wuce amp 7 zuwa 8 ba, wajen wat 90 kenan, kuma wayar da ta zo masa siririya ce ta yi tafiya mai nisa daga akwatin fiyus. Shi ya sa za ka ji inbata na ƙara tana cewa batir ya yi ƙasa alhali cike yake, wutar ce ta zube a hanya. Fiyus ɗina na farko a nan na ƙona shi, na soka inbata na ɗora mata talabijin da laftof biyu.

Hanyar da ta fi ita ce ka kafa inbatar kusa da batir da gajeriyar waya mai kauri, sannan ka ja doguwar wayar 120V zuwa talabijin, don ita ba ta damu da nisa ba. Mai wat 300 in ta cika kaya tana jan kusan amp 30, ka bi kaurin waya da girman fiyus da littafinta ya faɗa, kuma a ma'aunin Amurka ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri, lamba 8 ta fi lamba 12. Fiyus a kan tabbatacciyar waya dab da kan batir, ba a can kusa da inbata ba, don wayar yake karewa daga kamawa da wuta. Kar ka sa inbata cikin akwati ɗaya da batirin ruwa ko tukunyar gas, batirin na fitar da iska mai kamawa lokacin caji. Kuma ka lura, a tireloli da yawa baƙar waya ce tabbatacciya fara ce korau, ba kamar mota ba, auna kafin ka ɗaure.

Me zai hana in soka babbar wayar tirelar a inbata duk soket su kawo?

Ana yi, amma ga tarkon da na faɗa ciki. Da zarar tirela ta ga 120V sai kwanbata ta ɗauka NEPA ce ta kawo, ta fara cajin batir, da wutar da inbata ta ɗebo daga batirin nan dai. Ɗiban ruwa daga randa ana zubawa cikin randar da ƙoƙo mai yoyo kenan. Ni cikin awa uku batirina ya kwanta, ina ta zargin sabon talabijin. Dole ka kashe birekar kwanbata tukuna, ka mayar da firij kan gas da hannunka don in yana kan zaɓi-da-kanka zai koma wuta ya ja wat 300 ko kusa da haka, ka kashe makunnin wutar tukunyar ruwan zafi, ka kuma gargaɗi kowa kar a taɓa makirowef. Abu huɗu da za ka tuna kowane dare. Ni na haƙura na ja wa talabijin wayarsa shi kaɗai.

Batirin litiyam ya cancanci kuɗinsa?

In kana kwana babu wuta fiye da sau biyar ko shida a shekara, eh. Irin da ake sa wa tirela shi ne LiFePO4. Mai Ah 100 zai ba ka 80 zuwa 90 ba tare da ya ji ciwo ba, ninki biyu na batirin ruwan da muka yi lissafi da shi a sama, nauyinsa wajen kilo 12 maimakon kusan 25 ko 30, ba zuba ruwa, kuma kuɗinsa ya sauko sosai a 'yan shekarun nan.

Abu biyu za ka duba. Ba a cajinsa in sanyi ya kai na ƙanƙara, wato ƙasa da digiri 0, don haka in batirinka a waje yake kan wuyan tirela kuma kana Minnesota ko Kanada, nemi mai katse caji da kansa in an yi sanyi ko mai ɗumama kansa, ko ka shigo da shi ciki. Na biyu, yana son wajen 14.4 kafin ya cika, tsohuwar kwanbata mai tsayawa a 13.6 za ta yi cajinsa amma a hankali kuma ba lallai ya cika fal ba. Mitar bolt ma ba ta faɗin gaskiya a kansa don lambarsa kusan ba ta motsi sai dab da ƙarewa, gara mai Bluetooth ko ka saka mitar da ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. Wanda ba ya son litiyam, tsohuwar hanya ita ce baturan keken golf masu 6V guda biyu a haɗa su jere su ba da 12V da Ah sama da 200, sai dai nauyi kamar buhun masara. Kar dai ka haɗa litiyam da na ruwa a layi ɗaya.

Da me zan mayar da abin da na sha?

Farantin sola mai wat 100 a rana mai kyau yakan mayar da Ah 25 zuwa 30, ya biya kallon dare har da canji, amma bai biya hita ba, ga masu hita 200 ne mafari. Matsalar ita ce kowa na son ajiye tirela a inuwa, inuwar reshe ɗaya kuwa ta isa ta karya ƙarfin farantin, shi ya sa na fi son mai naɗewa da doguwar waya, tirela a inuwa faranti a rana. Janareto na yi, sai dai sansanoni suna da lokutan da aka hana kunna shi musamman da dare, daidai lokacin da kake son kallo, don haka da rana za ka yi caji da shi. Wayar nan mai baki 7 da ke haɗa mota da tirela tana ɗan ɗiga caji a hanya, kar ka sa rai za ta cika mataccen batir a tafiyar awa biyu.

Akwatin wuta na hannu irin Jackery ko EcoFlow fa?

Ga wanda ba ya son taɓa waya ko ɗaya, wannan ce hanya mafi sauƙi: batir da inbata da caja duk a akwati guda, ka soka talabijin shikenan. Mai Wh 500 (Wh ɗaya shi ne wat ɗaya na tsawon awa guda) zai riƙe talabijin mai wat 40 wajen awa goma. Abin da na fi so game da shi shi ne ko yara sun kwana suna kallo, batirin tirela na nan don hita da famfo.

Na haɗa sabon amma babu tasha ko ɗaya.

Duba farantin bango inda wayar eriya ta fito, akwai ɗan maɓalli da ƙaramar koriyar fitila. In da eriyar saman tirela kake kallo dole fitilar ta kasance a kunne, in kuma ka jona wayar kebul ta sansani dole ka kashe ta. Sannan a saitin talabijin ka zaɓi eriya ba kebul ba, ka sa ya nemo tashoshi, kuma duk sabon garin da kuka sauka sai an sake nema. In tsohuwar eriyar Winegard ce mai kama da fukafukin jemage, ɗaga ta ka juya ta wajen gari mafi kusa, kar kuma ka manta ka sauke ta kafin ku tashi.

Masu kallo ta intanet su sa wannan a lissafi: sandar Roku ko Fire TV ba ta wuce wat 5 ba, wannan ba komai, amma ƙaramin farantin intanet na tauraron ɗan'adam, Starlink Mini, yana cin wajen wat 25 zuwa 40, babban kuma ya ninka haka, wato ya fi talabijin ɗin kansa. In wasan Firimiya ne na ƙarfe 3 na rana a Ingila, ƙarfe 9 na safe ne a Texas, rana ta fito sola na aiki, wannan kam da sauƙi.

In na zo da talabijin daga gida Najeriya ko Nijar, ko na kai wannan can?

Wutar gida 220 zuwa 230V ce, ta Amurka 120V. Duba bayansa, in an rubuta 100 zuwa 240V zai ci duka biyun, in 120V kaɗai aka rubuta kar ka soka shi a Kano. Ko wutar ta dace ma tsarin kama tasha ya bambanta, Amurka ATSC take amfani da shi, gida kuma DVB-T2, don haka eriya ba za ta yi aiki ba sai dai ta HDMI da dikoda. Mai 12V kuwa babu ruwansa da wannan rigimar ta wuta, batir batir ne ko'ina, lissafin da ke sama shi ne dai wanda mai sola a ƙauye zai yi.

In bar shi a cikin tirela lokacin hunturu?

Mutane da yawa na bari kuma ba ya komai, littafin yawancinsu na yarda da ajiya har wajen digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Abin da ke ɓata shi shi ne kunna shi yana da sanyi a ɗakin da aka ɗumama yanzu, raɓa ta taru a cikinsa, ka ba shi 'yan awoyi ya saba da ɗumin tukuna. Cire baturan rimot kar su zubar da ruwa. Batirin tirela ne ya fi buƙatar kulawa, cika shi ka cire masa waya ko ka kai shi gareji, don marasa barcin nan za su shanye shi cikin sati biyu, kuma batirin ruwa da ya mutu yana iya daskarewa ya tsage.

Tsohon mai ƙusumbin ina zan kai shi?

Kar ka jefa a kwandon shara, gilashinsa na da dalma kuma jihohi da dama sun hana. Ka duba wurin karɓar tsofaffin kayan lantarki na ƙaramar hukumarku, wasu kyauta suke karɓa wasu kuma sai ka biya ɗan wani abu. Wajen sauko da shi daga kabad ku zama ku biyu, nauyinsa duk a gaba yake wajen gilashi, kuma kamfanoni kan ɗaure shi da sukuru ta ƙasa ko ta baya inda ba ka gani, in ka ja ya ƙi fitowa nemo sukurun da ya rage, kar ka sa ƙarfi.